Takalman Baba a Bakin Gurara

Bunkure,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yaya Zuliha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban Muhsina da ita Muhsinar. Ya makaranta, ya fama da 'yan ajinki? Mu nan lafiya lau, Inna tana gaishe ki. Kin ce in magana mai nauyi ce kada in faɗa miki a waya, in rubuta, don kada ɗan karatun da kika koya min ya gudu. To ga shi na rubuta, ki yi haƙuri da hannun.

Maganar Baba ce. Kin san tun da gwiwa ta matsa masa, ƙungiyar manoma ta karɓi makullin ƙofar ruwa ta ba Baballe. Ba wanda ya yi masa rashin kunya. Har gida suka zo suka yi godiya, suka ce shekara ashirin da biyu yana buɗewa yana rufewa, ba a taɓa jin ya ba wani ruwan wani ba. Shi ma da murmushi ya miƙa. Da damina ba mu ga komai ba, tunda ruwan sama ba ya neman makulli. Amma tun ranar da aka sako ruwan rani a kanal, Baba ya zama wani daban.

Ba ya fita. A zaure yake zama, ya juya wa hanyar kanal baya. Tuwo loma uku ya ture kwano. Mutumin da takalmi ba ya daɗewa a ƙafarsa, yanzu da shi yake wuni a ƙafa kamar baƙo. Shekaranjiya Baballe ya wuce da makullin a kafaɗa ya gaishe shi, Baba ya amsa lafiya lau, sannan ya tashi ya shige ɗaki bai fito ba sai la'asar. Na kai shi asibiti, sun auna, sun ce jinin da sauƙi, ya ci gaba da shan maganinsa. Ni dai a ganina ba ciwon asibiti ba ne.

Jiya Mudassiru ɗan Kawu ya zo gaishe shi. Kin san yanzu Suleja yake kai shinkafa. Ya nuna mana bidiyon wani wuri da ya je, magangarar ruwa ta Gurara, inda kogi guda yake faɗowa daga kan duwatsu, mutane suna zuwa kallo daga ko'ina. Baba ya ce a sake kunnawa. Sau huɗu ana kunna masa. Ya ce, "Wannan duk ruwan rana ɗaya ne?" Mudassiru ya ce, "Baba, kullum haka yake." Baba ya ce, "Kai dai ka ji tsoron Allah." Yaya, jiya ya cinye tuwonsa.

Shi ne na ce ko in kai shi ya gani. Mudassiru zai yi lodi ranar Juma'a, Baba ya zauna a gaba, mu kwana Suleja gidan abokinsa, Asabar mu je, Lahadi mu juyo. Inna ta ce sai abin da kika ce. Na san kina so ki ɗauke shi ya koma wurinki Dawakin Kudu. Don Allah ki bar ni in gwada wannan tukuna.

Na ba Hamma direba takardar nan. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Bilya

*

Dawakin Kudu,
Ranar Talata.

Zuwa ga ƙanena Bilya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso, kuma hannunka ya gyaru fiye da na bara. Ka gaishe min da Inna, ka durƙusa ka gaishe min da Baba.

Na karanta sau biyu, kuma gaskiya raina bai kwanta ba. Tsoho mai ciwon gwiwa da hawan jini, a motar shinkafa, tun daga Kano har Neja, don kallon ruwa? Ruwan ne ba mu da shi a gida? A bakin kanal aka haife mu. Kuma direban naka Mudassiru ne, wanda ko kaza ta tsallaka titi sai ya yi salati da ƙarfi.

Sai dai Baban Muhsina ya ce min wanda yake kwana da mara lafiya shi ya san nishinsa, kuma kai ba mai gaggawa ba ne. Don haka na yarda, bisa sharaɗi. Maganinsa safe da yamma, kai za ka ba shi da hannunka. Ku riƙa tsayawa yana miƙe ƙafa. Na uku, wanda ya fi duka: a bakin ruwan nan kada ka matsa daga gefensa ko taku ɗaya. Ban ce Mudassiru ba, kai na ce.

Ka kuma sani, in kun dawo yana nan yadda yake, zan zo in tafi da shi. An riga an share masa ɗakin da ke kusa da zaure, ga masallaci a ƙofar gida, ga asibiti kusa. Ba zan zuba ido yana ramewa a gaban kanal ɗin da yake ci masa rai ba.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Yayarka,
Zuliha

*

Suleja,
Lahadi da safe.

Yaya Zuliha,

Assalamu alaikum. Kafin komai, Baba yana nan zaune kusa da ni yana shan koko da ƙosai, har ya nemi ƙari. Kin ji muryarsa jiya, amma kuka bai bar ki kin ji bayani ba, kika ce in rubuto tun daga farko, kada in ɓoye komai. Wayata ta sha ruwa, da ta Mudassiru zan ɗauki hoton takardar in turo miki.

Mun isa wurin da hantsi. Tun kafin ka ga ruwan kake jin ƙararsa, kamar an kunna injin casa ɗari a lokaci ɗaya. Da muka fito fili sai ga shi. Yaya, bidiyo ƙarya yake. Kogi ne mai faɗi, ya zo bakin dutse ya rasa ƙasa, ya zube gaba ɗaya, fari fat kamar auduga, ya rabu gida-gida tsakanin duwatsu. Feshinsa yana taɓa fuskarka kamar yayyafi alhali rana tana sama. Akwai 'yan makaranta da malamansu, akwai wasu iyali daga Abuja da tabarmi da kuloli, kowa ya ɗaga waya.

Baba ya daɗe a tsaye da sandarsa yana kallon ruwan. Can ya juya ya tambayi ma'aikacin wurin da yake yi mana bayani, ya ce, "Ɗana, ina gonakin?"

Mutumin ya ce, "Waɗanne gonaki, Baba?"

"Waɗanda suke shan ruwan nan."

Ya yi dariya ya ce, "Ai nan kallo ake zuwa yi."

Baba ya ce, "Kallo."

Muka yi azahar, na ba shi abinci ya ci. Akwai matakala da ake sauka zuwa gindin ruwan, gwiwarsa ba za ta iya ba. Muka samar masa inuwa a sama, ta wajen da kogin yake tahowa kafin ya faɗa. Ya ce mu sauka mu gani, shi yana nan. Na ce a'a. Ya sake faɗa, na sake cewa a'a. Sai ya ce, "Bilya, ni jariri ne? Ko yayarka ta ce ka goya ni?" Yaya, na karya sharaɗinki. Ba zan ɗora wa kowa ba. Na sauka, kuma ban fi minti goma sha biyar ba.

Da muka hawo babu Baba. Sai takalmansa a kan wani faffaɗan dutse, daf da ruwa.

Mudassiru ya ɗora hannu a ka ya fasa salati. Kafin in buɗe baki mutane sun taru. Wata mata ta ce ta ga tsoho yana naɗe ƙafar wando a bakin ruwa. Shi ke nan, kowa ya yanke. A nan ne Mudassiru ya kira Baban Muhsina, ban ma san ya kira ba. Ma'aikatan wurin, Allah ya saka musu, nan da nan suka kirawo masunta, aka bazu ta ƙasa, inda ruwa yake kai abin da ya ɗauka. Ni ma na bi su. Na shiga ruwa har ƙugu ina leƙa tsakanin duwatsu, ban san me nake yi ba, a nan wayar ta tafi. Fiye da awa ɗaya muna haka. Duk tsumman da na hango sai in ce rigarsa ce.

Da na gaji na hawo na zauna kusa da takalman, don ban san inda zan zauna ba. Ina kallonsu, sai na ga a jere suke, kai da kai, an ɗora ɗan dutse a kan kowanne don kada iska ta ture. Wanda santsi ya kwashe ba ya tsayawa jera takalmi. Kuma sandarsa ba ta nan. Sai na tuna tun ina yaro haka nake ganinsu a bakin ƙofar ruwa, da ɗan dutse a kai, in ya tafi zagayen kanal. Kuma Baba bai taɓa bin ruwa ta inda yake tafiya ba. Kullum ta inda yake fitowa yake bi, yana cewa matsalar ruwa a kansa take, ba a wutsiyarsa ba.

Na ce da Mudassiru ta sama ya yi. Ya ce, "Bilya, ka yi tawakkali." Ban tsaya musu ba, na kama gefen kogi na yi sama.

Ban yi nisa ba na ga sawu a laka, ƙafa ba takalmi, da ramin sanda a dama. Na bi. Can sama kogin shiru yake, a kwance, ba za ka ce shi ne yake wannan hauka a ƙasa ba. Na wuce wasu mata suna wanki, na tambaye su, suka nuna gaba. Sai na fara jin ƙarar injin ban-ruwa. Bayan ita kuma na ji wata murya tana cewa, "A'a! Ba nan ba! Datse can tukuna, ka bar shi ya cika!"

Yaya, wata nawa rabon da mu ji wannan tsawar?

Yana tsaye a tsakiyar lambun wani mutum, laka har ƙwauri, yana nuni da sanda, mai lambun yana ta gudu da fartanya. Na ce, "Baba!" Ya waiwayo ya ce, "Yauwa, zo ka ga ɓarna. Kogi guda a gefensa, amma fangalin ƙarshe ƙishirwa yake ji." Nan na zauna a ƙasa.

Mai lambun Bagwari ne, Hausarsa ras. Ya ce, "Mahaifinka ne? Zuwa ya yi ya tambaye ni ina ƙofar ruwan nan take, wa yake riƙe da makullinta. Na ce ni ban san wata ƙofa ba, sai dai an ce akwai madatsa can nesa ta wajen Kaduna. Ya ce yauwa, ya san ba za a rasa ba. Ko gaisawa ba mu gama ba ya kalli lambuna ya ce wa ya koya min ban-ruwa."

Na ce, "Baba, ana can ana nemanka a cikin ruwa. Har gida an faɗa."

Ya ce, "Ni? Ba ku ga takalmana ba? Wa bai san in ya ga takalmana a bakin ruwa zagaye na tafi ba?"

Na ce, "Baba, nan ba Bunkure ba ne."

Sai na ga abin ya shige shi. Ya ce, "Innarku ta ji?" Na ce ta ji. Nan take ya wanke ƙafa. Mai lambun ya ɗauko shi a babur, har da doya biyu ya ɗaure masa a baya. Da muka iso, Mudassiru ya rungume shi yana kuka, 'yan makaranta suna tafi. Baba ya bi masuntan nan ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu yana neman afuwa.

Gwiwar ta kumbura, na gasa masa da ruwan zafi. Maganinsa bai tsallake ba. In mun karya za mu kama hanya. Duk faɗan da za ki yi min na cancanta.

Ƙaninki,
Bilya

*

Dawakin Kudu,
Ranar Talata.

Bilya,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Tun ranar Asabar ba na iya cewa komai sai wannan.

Kai ka ba ni labarin can, bari in ba ka na nan, tunda na san Inna ba za ta faɗa maka ba. Ina wanki Baban Muhsina ya shigo, fuskarsa kawai na kalla na saki bokiti. Ban san yadda muka iso Bunkure ba. Mun tarar gida ya cika, maƙwabta har sun fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Baballe yana zaune a zaure yana kuka kamar mace, yana cewa da ya sani da bai karɓi makullin nan ba.

Inna kuwa tana kan sallaya, ko hawaye babu. Na faɗa jikinta, ta ɗago ni ta ce, "An ce an ga takalmansa. A jere suke ko a watse?" Na ɗauka ruɗewa ce. Ta sa aka kira Mudassiru aka tambaye shi, ya ce shi bai lura ba. Sai ta ce a naɗe tabarmin nan, ba ta karɓar gaisuwar kowa sai an ba ta amsa. Har raina na ji haushinta. Ashe ku biyu ne kuka san mutumin, ni da nake ta tsara masa ɗaki ban san shi ba.

Faɗa kuwa ina da shi, na ajiye maka sai mun haɗu. Abu ɗaya na roƙe ka. Kuma ka gaya wa Mudassiru, nan gaba kafin ya kashe mutum a waya ya fara ganin gawa.

Ranar Lahadi dole na juyo kafin ku iso saboda jarrabawar yara, don haka ban gan shi da idona ba. Maganar ɗaukarsa ban janye ba. Tsawa ɗaya a lambun wani ba ita ce warkewa ba. Can baƙon wuri ne, a gida kuma makullin yana nan a kafaɗar Baballe, kullum zai wuce ta ƙofar zaure. Na ba ka mako biyu. Ka rubuto min gaskiya, ko daɗi ko ba daɗi.

Ka gaishe su duka. Ka shafa masa man zafi a gwiwar.

Yayarka,
Zuliha

*

Bunkure,
Ranar Laraba.

Yaya Zuliha,

Assalamu alaikum, da fatan an gama jarrabawa lafiya. Mako biyu sun cika, ga gaskiyar da kika nema.

Kwana uku na farko yana kwance saboda gwiwa, gidan kuma bai rabu da 'yan barka ba. Kowa ya zo sai ya ba shi labarin Gurara, kuma kullum ruwan ƙara tsawo yake. Ranar farko ya ce ya kai rimi, jiya na ji ya ce rimi biyu. Amma labarin lambun ya fi daɗewa a kai.

Rana ta huɗu da safe Baballe ya zo, ya ajiye makullin a gaban Baba, ya ce ya karɓi abinsa. Baba ya ɗauka ya juya shi, ya ce, "Ba ka sa masa mai." Ya miƙa masa. Ya ce shi ya gama da murɗa ƙarfe, amma ya ji an ce 'yan ƙarshen kanal suna kukan ruwa ba ya isa gare su. Baballe ya ce wallahi yana buɗe musu daidai da kowa, har sun fara zarginsa. Baba ya ce, "Bilya, tayar da babur."

Muka fara daga gonar ƙarshe muka yi sama a hankali, yana bayana yana cewa tsaya, wuce, tsaya. A wajen kwalbatin da ke bayan gonar Kawu ya sa na tsaya. Ciyawar kacalla ce ta cika wurin, ta tare yashi, ruwan yana zuwa ya juya. Kowa yana wucewa ta nan kullum. Ya zauna a kan kwalbatin, aka tara samari da lauje da shebur, yana ba da umarni yana zagin mai ragon hannu. Kafin la'asar ruwa ya kai gonar ƙarshe.

Tun ranar ba a bar shi ya huta ba. Wannan ya zo albasarsa tana kwanciya, wancan fangalinsa ba ya riƙe ruwa. Tafiya mai nisa ba ya yi, ni nake kai shi in ɗauko shi, kuma na yanka masa wata kujera 'yar ƙarama da muke ɗaurewa a bayan babur. Ba zan ce miki ya koma kamar da ba. Wani lokaci in an buɗe ƙofa da safe yana jin ƙarar ruwan daga gida, sai ya juya wa hanyar kanal baya na ɗan lokaci. Amma Inna ta ƙara awon tuwo.

Na karanta masa takardarki, ban da wajen faɗan. Ya ce in ɗauko wata takardar shi ma zai yi magana. Tana haɗe da wannan. Yadda ya faɗa na rubuta, ban gyara ba.

Ƙaninki,
Bilya

*

Zuliha,

Ni ne mahaifinki. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da 'yar jikata. Allah ya yi muku albarka.

Na tsorata ku, ku yafe min. Yaron nan kada ki yi masa faɗa, ni na kore shi.

Ɗaki na gode, Allah ya saka. Ki ajiye min shi, ranarsa tana zuwa, amma ba bana ba. Akwai gona bakwai da ban duba ba.

An ce kina so ki gan ni da idonki. Ki zo Asabar. Sai dai ki zo da wuri, in rana ta ɗaga ba na gida.

Wassalam.
Malam Hashimu, da hannun Bilya